Kofin Kaka da Kujerar Gaba

A gidanmu na unguwar Nuzla a Jidda, cikin akwatin ƙarfen Umma, ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa sai da salla, akwai wani abu da muke kira kofin Kaka. Fari ne, na tangaran, kuma ya fi girmansa nauyi. Gindinsa a mulmule yake, da 'yar tsaga a tsakiya, ga wani kwarmi da ya zagaye shi kamar wuyan tulu. Cikinsa matsattse ne, da murɗe-murɗe irin na bakin kwalba. Ba ya zama. In ka zuba ruwa ka ajiye, sai ya kife. Wanda aka miƙa wa dole ya shanye a take.

Ba a fito da shi sai in wani ya kwanta ciwo. Umma ta zuba zamzam, a yi bisimilla, a kai bakin mara lafiya. Kaka mahaifin Umma ne, ya rasu kafin a haife ni. Abin da muka sani game da shi kaɗan ne. Ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya ratsa Cadi da Sudan, ya ƙetaro teku, kuma da wannan kofin ya sha ruwa a hanya.

Ni nake riƙe kofin in za a ba wani. Yayana, wanda ya girme ni sosai kuma shi kaɗai ne ɗan'uwana namiji, ya taɓa riƙewa, dariya ta kama shi, zamzam ya zube a tabarma. Tun daga ranar Umma ta raba shi da aikin. Ni kuwa ba na sakin abu. In na wanke na goge na naɗe na mayar, sai na koma na buɗe akwatin in ga ko na naɗe da kyau, in na rufe kuma in shiga tunanin ko murfin ya danne shi. Haka Allah ya yi ni. Da na tsaya a firamare, wannan halin ne ya samo mini aiki a wani shagon faɗi-ka-mutu, inda har yau nake naɗe kofuna da farantai a takarda ina jerawa a kwali.

Da yake ni ne mai kofuna, ni na yi wa gida bayanin kofin Kaka. Na ce alhazan da ba su da tebur, yashi ne teburinsu, to me za su yi da kofi mai gindi? Dasa shi ake yi a yashi. Kwarmin wuyan na igiya ne, a rataya a jikin raƙumi. Murɗin ciki kuwa don a toshe da tsumma ya kama. Ban san ranar da na fara faɗin haka ba. Na faɗa har na yarda, Yaya ya yarda, Umma kuma in ina faɗa sai ta ce, "To, ka ji," ta ci gaba da tsinkar ganyen miyarta.

Yawon Juma'a ya fara ne da Yaya ya samu mota, wanet, wato a-kori-kura, mai kujera gaba da baya, wadda yake dakon kaya da ita. Shi mutum ne mai son tsofaffin wurare. Wani direba ya gaya masa cewa in aka bi tsohuwar hanyar Makka, wajen Bahra, akwai kufan zangon alhazan zamanin da, da rijiyoyin da suka ƙafe. Yaya ya ƙudurta a ransa sai ya tsinci tukunyar zinariya. Ni na bi shi ne don in hana shi jawo mana masifa.

Tun ranar farko na kafa sharaɗi. Ba ma haƙa. Ba ma shiga inda hukuma ta zagaye ko ta kafa allo. Ba ma taɓa abin da ke kusa da kabari, kuma a wurina duk tulin duwatsu kabari ne har sai an tabbatar. Abin da ya rage mana shi ne kwarin da ke nesa da kufan, inda ambaliya ke bi. Jidda ba ta cika samun ruwan sama ba, amma in ya zo da fushi yake zuwa, ya tono abin da ƙasa ta ɓoye ya baje a kwari. Juma'ar da ta biyo bayan ruwa ita ce babbar ranarmu. Mu fita bayan asuba, mu fuskanci rana tun tana ƙasa-ƙasa, mu taka a hankali, duk abin da ke da sheƙi sai ya ƙyalla mana. Kafin zafi ya tashi mun juyo, mu samu salla a gari.

Zinariya dai ba mu gani ba. Guntayen tulu, ƙusoshi masu tsatsa, wani lokaci ɗan dutsen wuya. Sai wata safiya Yaya ya ƙwala mini kira, ya ɗago abu daga yashi. Ɗan'uwan kofin Kaka ne sak, sai dai bakinsa ya ɓalle.

"Kai, Shehun kofuna, zo ka gani! Mene ne wannan?"

"Na alhazai ne, Yaya."

"Kenan nan Kaka ya bi?"

"Nan ya bi."

Ya zauna a ƙasa, ƙaton mutum da shi, ya share ido da bakin rawaninsa. Daga ranar ya daina maganar zinariya. Kofunan alhazai muke nema, kuma duk abin da ya tsinta ni yake miƙo wa. "Mene ne wannan?" Wannan tambayar nake jira duk mako. A shago ba mai tambayata komai sai ina kwali, ina igiya. A kujerar gaban motar Yaya kuwa ni ne mai sani, flas ɗin shayi tsakanin gwiwoyina, ina zuba masa yana tuƙi.

Ba farare kaɗai muke samu ba. Kusa da kwalta mukan ga wasu masu ruwan ƙasa, masu faɗin baki, hawa-hawa. Na duba na ce kan shisha ne, na mashaya ne da suka ɓata hanyar alhazai. Na hana a haɗa su kwali ɗaya da fararen, in kuma na taɓa ɗaya sai na wanke hannu. Akwai kuma ƙanana kamar kwarkwaron zare, da huda a tsakiya. Su na ce nauyin komar masunta ne.

"Masunta a Bahra?" in ji Yaya. "Ya shekh, ina tekun?"

"Ai teku suka ƙetaro. Wani ya taho da su a aljihu."

Ya gyaɗa kai. Yaya bai taɓa ja da ni a kan tangaran ba.

Abin da ya dame ni a lokacin shi ne hukuncin tsintuwa. Na tambayi limamin unguwarmu ko sai na yi cigiya. Ya ce abin da aka yar tun zamanin da ba wanda ya san mai shi, kuma ba shi da wata ƙima, ba laifi. Na sake tambaya da wani salon, na sake, har ya koma in ya hango ni sai ya tayar da nafila.

Sai aka rushe unguwarmu. Ba zan tsawaita a kan wannan ba. Yaya da iyalinsa da Umma suka samu gida a Madain Fahd, ni kuma kafilina, ubangidan da iznin zamana ke hannunsa, ya ba ni ɗaki a bayan shago a Aziziyya. Mu da muke cin abinci a tire ɗaya, muka koma sai Juma'a. Safiyar Juma'a ta zama ita ce duk rabona da ɗan'uwana.

A ƙasan benen su Yaya akwai wani mutumin Maraɗi mai gyaran wuta. Umra ta kawo shi, neman abinci ya zaunar da shi. Na fara jin labarinsa ne a bakin Yaya: ya gyara musu fanka, ya gyara na'urar sanyaya ɗakin Umma, ya ƙi karɓar komai. Yaya yana ce masa Muhandis, wato injiniya, ko da yake ban ga takardar da ta ce haka ba.

Wata Juma'a bayan an yi ruwa, motar ta tsaya a ƙofar shago, na fito da kwalina da takardun naɗi, sai na ga mutum a kujerata. Ya sauko ya gaishe ni hannu bibbiyu, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, sannan ya koma ya zauna inda ya taso. Flas ɗin yana tsakanin gwiwoyinsa.

"Yalla, shiga baya," in ji Yaya. "Muhandis zai ga wurinmu."

Wurinmu. Na shiga baya. Ban taɓa sanin kujerar bayan motar nan tana da zafin rana haka ba, kuma daga can ba a jin rabin abin da ake faɗa a gaba, sai dariyar.

A kwari Yaya ya tsinci fari guda lafiyayye, ko ƙwarzane babu. Na miƙa hannu kamar kullum. Shi ma ni ya nufa, amma Muhandis yana tsakaninmu, sai ya karɓa. Ya kife shi, baki ƙasa, gindi sama. Na buɗe baki in ce ba haka ake riƙewa ba, sai ya yi murmushi.

"Kai, tsohon aiki! A ina suka kafa poto a nan?"

"Wane poto?" in ji Yaya.

"Turken waya mana, Alhaji. Wannan ai na kan turke ne. Ku nan azil kuke ce masa."

Yaya ya yi dariya. "La, la. Kofin alhazai ne. Gaya masa, Shehu."

Na gaya masa. Na faɗi yashi, na faɗi igiya, na faɗi tsumma, amma muryata ta fito siririya kamar ba tawa ba. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya karyo busasshen reshe ya cusa a cikin abin, ya murɗa, ya ɗaga sama. Abin ya zauna a kan reshen daram, kamar hula a kan mai ita.

"Bon, kun gani? Haka yake zama. Murɗin nan na sandar ƙarfe ne da ke jikin turke. Waya ta bi ta wuyan nan, a ɗaure ta da wata siririya. Ku dubi baƙin layin nan, gugar waya ce. Shi kuma wannan bakin da ya sauko kamar zani, don ruwan sama ne, ya zuba ƙasa, cikin ya zauna a bushe, kada kuran, wato wuta, ya bi jiƙa ya sauka turke."

Na san wannan baƙin layin. Na sha gogarsa da toka a kofin Kaka ina zaton datti ne.

Yaya ya ruga mota ya kwaso masu ruwan ƙasan nan da na hana a sa a kwali. Muhandis ya ce su na wutar lantarki ne, sun fi fararen ƙuruciya, shi ya sa zaninsu ya fi faɗi kuma ya hau kan juna, don wutar da suke ɗauka ta fi ƙarfi. Fararen ƙanana na wayar tangarahu ne, wadda ake buga saƙo da ita tun kafin a san tarho. Masu kama da kwarkwaro kuwa na cikin gida ne, ƙusa ake bugawa ta hudar a bango a ɗaura waya. Da ya faɗa sai na tuna su, a jere a bangon zauren maƙwabtanmu a Nuzla, an shafe su da fenti. Na wuce ta ƙarƙashinsu tun ina rarrafe.

"Shisha!" in ji Yaya, yana riƙe da ciki. "Muhandis, ka san har hannu yake wankewa? Masunta a Bahra! Wallahi Shehu, ka gama da ni."

Na yi dariya tare da su, don in ban yi ba za a gane. A hanyar dawowa na naɗe abin da muka tsinta kamar kullum, ina kallon ƙeyar mutumin nan.

Daga nan Juma'a ta canza. Tunda gida ɗaya suke, tare suke zuwa ɗaukata, kujerar a cike take isowa. In mun dawo kuma, Madain Fahd ce a kan hanya, amma ba ya sauka. "Bari in raka ku," zai ce, a wuce da shi har Aziziyya, a sauke ni, su juya tare. Nakan tsaya a bakin shago da kwali a hannu ina kallon hannun Yaya yana bugun sitiyari don dariya, har su sha kwana.

Yanzu ba kofi ake nema ba, layi ake nema. Muhandis ya ce turaku a jere ake kafa su, in ka samu guda, ka dubi inda na gaba zai kasance. Yaya ya koyi leƙa ciki don ganin tsatsar sanda, ya koyi jiƙa yatsa da yawu ya goge gefe don neman hatimin masana'anta. Ya gyara kanta a falonsa ya jera su, duk a kife, yadda Muhandis ya ce suke zama. In ya tsinci abu sai in ji, "Muhandis, mene ne wannan?" da muryar nan dai, da ɗokin nan dai. Ban san akwai abin da zai iya yi mini ciwo kamar jin tambayata an kai ta wani wuri ba.

Na nemi aibin mutumin nan, Allah ya yafe mini. Na lura yana hura hanci da ƙarfi, yana zuba sukari da yawa, yana cewa "bon" kafin kowace magana. Iyakar abin da na samu kenan. Da mai girman kai ne da na samu sauƙi. Sai ya zama kullum shi ke fara gaishe ni, in ya tsinci guntun faranti ya kawo mini, "Ɗan'uwa, wannan fanninka ne." Na san lallashi ne, kuma lallashin ya fi dariyar Yaya zafi.

Ga kuma wata sabuwar damuwa. In na kan turke ne, to suna da mai su kenan, hukuma ce ta kafa. Na daina barci da kyau. Na je wa limamin Aziziyya da maganar, ya ce turken ma da aka kafa ya ruɓe tun kafin a haifi babansa, in tafi in huta. Na fara ƙin ɗaukar lafiyayyu, sai fasassu. Yaya ya ce to shi kenan, Muhandis ya riƙa ɗauka. Da hannuna na ƙara masa aiki.

Abu ɗaya ya rage mini, kofin Kaka. Muhandis bai taɓa ganinsa ba. Yaya ya fara cewa a fito da shi a nuna masa, ko akwai hatimi a jiki.

"Ba abin kallo ba ne," na ce. "In ya ce na turke ne a gaban Umma fa? Tsohuwa ta rasa gidanta, ka kuma raba ta da kofin babanta?"

"Tayyib, halas," in ji shi, ya bar maganar.

Gaskiya na faɗa, ina tsoron a ɓata wa Umma rai. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashi. Muddin kofin yana cikin akwati, akwai sauran abu guda a gidanmu da bayaninsa nawa ne.

Wata Juma'a da la'asar muna gidan Yaya, Umma tana fama da mura mai nauyi. Fitilar ɗakinta tana ta ƙiftawa, aka kira Muhandis, ya hau kujera yana kwance ta. Sai Umma ta ce, "Auta, ɗauko mini kofin, maƙogwarona ya bushe."

"Umma, bari a gama gyaran tukuna."

"Ƙishin nawa zai jira gyara? Ɗauko."

Na ɗauko. Na zuba zamzam na juya wa kujerar baya, na rufe kofin da tafukana biyu. Amma mai tsaye a kan kujera yana ganin komai. Na ji ƙarar sukudireba ta tsaya. Yaya yana bakin ƙofa yana ɗaga masa gira, bakinsa cike da magana. Na ɗago na dubi Muhandis, shi ma ya dube ni. Sai ya mayar da kai kan fitila ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Hajiya." Bai ƙara ko kalma ba.

Har kawaicin ma ya fi ni. Abin da ya fara zo mini kenan, kafin godiya.

Umma ta shanye ta goge baki. "Kai mai wuta," ta ce, "na ga kana satar kallo. Sauko ka gani, ai na sana'arku ne. Na kan waya ne."

Kofin ya kusa kuɓuce mini, ni da ban taɓa sakin abu ba.

"Umma, kin sani?"

"Yo ba babana ne ya tsinto shi ba?"

"Amma ba ki taɓa faɗa ba."

"Wa ya tambaye ni? Kai tun kana ɗan mitsitsi ka zo da labarin yashi da raƙumi, ka tsara shi da kyau, yayanka ya buɗe baki yana ji. Na ce to, mene ne nawa na ɓatawa."

Yaya ya jingina da ƙofa yana dariya ba sauti. Muhandis ya sauko, ya goge hannu a wando, ya durƙusa. Bai karɓi kofin ba, a hannuna ya duba. Ya ce, "Hajiya, a ina wayar ta bi?"

Wannan tambayar ce ban taɓa yi ba. Umma ta gyara zama ta fuskance shi, ta ba shi labarin da ni da na wanke kofin nan tun ƙuruciya ban taɓa ji ba. Ta ce da Kaka ya sauka daga jirgin ruwa ba shi da kuɗin raƙumi, zazzaɓi ya tsayar da shi, ayarinsu ya wuce. Wani makiyayi ya nuna masa turaku ya ce ya bi waya, ba za ta ɓatar da shi ba, Makka ta nufa. In kaɗaici ya dame shi sai ya kara kunne a jikin turke ya ji yana gunji, ya ce to akwai mutane a ƙarshenta. Goransa ya fashe a wata rijiya, sai ya ga wannan a ƙasa ya faɗo daga sama, ya ɗiba da shi ya sha.

"Kuma bai huta da shi ba," in ji Umma. "Ya ce kayan hukuma ne ya ɗauka. Da ya isa Makka ya yi ta yawo da shi yana cigiya a ƙofar masallatai, wa ya yar da abin kan waya? Mutane na yi masa dariya. Har ya tsufa in ya ga ɗan sanda sai ya taɓa aljihu." Sai a nan ta waiwayo ta nuna ni da haɓa. "Ga shi nan ya dawo. Ko tafiyarsu ɗaya."

Na ji daɗin wannan, ba zan ɓoye ba. Amma a gefe na ji shi. Labarin kakana ne, baƙo aka fuskanta aka ba.

Da zan tafi Yaya ya ɗauki mukulli zai kai ni. Muna saukowa bene na ji takun Muhandis a bayanmu, yana cewa bari ya raka mu. Na shiga baya. Duk makon ina naɗe kofuna ina tsara magana a raina. In na faɗa za a ce ina kishi kamar yaro. In ban faɗa ba haka za a tafi. Na yi tunanin in daina zuwa gaba ɗaya, in ce ƙafata ke ciwo, sai na tuna ƙarya ce, kuma in na daina ba wanda zai rasa komai sai ni.

Juma'ar da ta biyo muka fita. Muna dawowa, da muka kusa kwanar Madain Fahd, na ji bakina ya buɗe tun ban gama shiryawa ba.

"Yaya, ka sauke Muhandis tukuna. Ga ƙofarsa nan."

"Ai raka mu yake yi."

"Na sani. Ina so ka kai ni kai kaɗai."

Yaya ya dube ni ta madubi, ya daɗe. Muhandis ne ya fara magana. "Gaskiya ne, Alhaji, dama ina da wanki kafin salla." Ya sauka, ya bar ƙofar gaba a buɗe, ya ajiye flas ɗin a kan kujera. Ko wannan ma ya iya.

Na koma gaba. Kujerar da ɗumin wani a jikinta. Mun yi nisa ina ta tunanin na ɓata komai. Sai Yaya ya miƙo hannu ya mangare mini ƙeya.

"Ashe abin da ke cinka kenan? Wata da watanni kana zaune a baya kamar buhun albasa. Ba ka da baki?"

"Ina da shi."

"To zuba mini shayi, Shehun masunta."

Haka muke yi har yau. Da safe kujerar a cike take zuwa, ina shiga baya da kwalina, kuma a kwari ba ni ake tambaya ba. Wannan ya tafi, ba zai dawo ba. In na ji "Muhandis, mene ne wannan?" har yanzu kishi yana taso mini, in yi istigfari, ya lafa, ya sake dawowa. Amma daga Madain Fahd zuwa Aziziyya nawa ne. Yaya yakan cinye rabin hanyar yana ba ni labarin abin da Muhandis ya ce game da hatimi da tsatsa, kamar ba a gabana aka faɗa ba. Ina zuba shayi ina cewa haka ne.

Safiyar Juma'a titunan Jidda fayau suke, tafiyar ba ta da tsawo. Ni kaɗai ne a garin nan nake murna in fitilar hanya ta yi ja.